Gwajin kunne na SNAP BVDV: abin da yake kamawa a garken madara da abin da ke wuce shi

Mai garken madara da ke fama da ɓari, da shanu masu maimaita neman bijimi wata bayan wata, da maruƙan da zawo da tari ba sa rabuwa da su, yawanci kuɗinsa a kantin magani yake ƙarewa. Yau oksitetrasaikilin, gobe maganin tsutsa, jibi bitamin. Daga cikin cututtukan da ke jawo wannan hali akwai wadda ba a cika ambatarta a gonakinmu ba, wato zawon shanu na bairos, wanda likitocin dabbobi ke kira BVD. Babu allurar da ke warkar da ita. Abin da ake yi shi ne a nemo dabbar da ke zubar da ƙwayar cutar a cikin garke a fitar da ita, kuma don wannan aikin ne kamfanin IDEXX na jihar Maine a Amurka ya yi ɗan kayan gwajin nan mai suna SNAP BVDV Antigen Test.

Ga hukuncin tun daga farko. Kayan yana yin aikin da aka yi shi dominsa, yana yinsa a bakin garke cikin kamar minti 20 ba tare da na'ura ko wutar lantarki ba, kuma ya fi dacewa da tantance dabbar da za a saya da maraƙin da aka haifa yau. Amma tambaya ɗaya yake amsawa: shin wannan dabbar tana ɗauke da ƙwayar a jikinta a wannan rana? Wanda ya saye shi bai san wace dabba zai gwada ba, ko bai shirya rabuwa da wadda ta nuna ba, ya yi asarar kuɗinsa. Dole ke nan a san cutar kafin a buɗe kwali.

Dabbar da ake nema

An fara bayyana BVD a 1946 a jihar New York, a wani rahoto na Peter Olafson da abokan aikinsa na jami'ar Cornell. Ƙwayar da ke jawo ta, wadda ake kira BVDV, daga dangin Pestivirus take, manyan ire-irenta biyu ne, BVDV-1 da BVDV-2. Babbar saniya mai ƙoshin lafiya in ta kamu, sau da yawa mai ita ba ya ma lura. Ɗan zazzaɓi, madara ta ragu na 'yan kwanaki, wataƙila majina ko zawo mai sauƙi, cikin mako biyu ƙwayar ta bar jininta, ta samu garkuwa mai daɗewa. Sai dai a cikin waɗannan kwanakin fararen ƙwayoyin jininta suna faɗuwa, shi ya sa ciwon huhu da zawon maruƙa da ciwon hantsa ke samun ƙofa a garken da cutar ke yawo.

Babbar ɓarnar a mahaifa take, kuma abin da zai faru ya danganta da kwanakin cikin. In saniyar da ba ta da garkuwa ta kamu daf da barbara ko a watan farko, cikin yakan lalace tun ba a san da shi ba, sai a ga ta dawo neman bijimi bayan an ɗauka ta samu. Daga wajen kwana 100 zuwa 150 ana samun ɓari ko maraƙi mai nakasa: makanta, yana a ido, ko ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya da ba ta cika ba, maraƙin ya fito yana rawar kai yana kasa tsayuwa. Bayan kwana 150 ɗan tayin yakan iya kare kansa, a haife shi da garkuwarsa.

Tsakanin kwana 30 zuwa wajen 125 ne matsalar take. A lokacin garkuwar ɗan tayin ba ta gama koyon rarrabe abin da ke nasa da baƙo ba, sai ta karɓi ƙwayar a matsayin wani ɓangare na jikinsa. In ya rayu aka haife shi, ba zai taɓa yaƙarta ba har mutuwarsa. Irin wannan dabbar ce likitoci ke kira PI. Yawunsa, majinarsa, hawayensa, fitsarinsa, kashinsa, madara ko maniyyi in ya girma, duk cike suke da ƙwayar, kullum, ba hutu. An nuna a gwaji cewa zaman awa ɗaya hanci da hanci da PI ya isa dabba ta kamu. Da yawansu tsumburarru ne, ba sa kai shekara biyu, kuma su kaɗai ne ke yin mummunan nau'in cutar mai gyambon baki da hanji, da dalalar yawu da zawo mai jini, wanda ba a tashi daga gare shi. Tsofaffin makiyaya in sun ga wannan sukan tuna da cutar bushiya ta shanu, wadda aka bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Amma wasu PI ɗin sumul suke, su girma, su ɗauki ciki, su ba da madara. Saniyar PI kuwa duk abin da ta haifa PI ne, ba ta kuskure. A wuraren da ba a yaƙi cutar ba, adadinsu yakan tsaya tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi 2 cikin 100 na shanu. Kaɗan ne, amma su ke riƙe cutar a ƙasa.

Tana nan kusa da mu. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan shanun da aka kawo mayankar Sakkwato ya samu shaidar garkuwar BVD a jinin wajen kashi 66 cikin 100. A yankin Adamawa na Kamaru, wani aikin da ya fito a 2011 kan garke 146 ya ƙiyasta cewa sama da garke 9 cikin 10 sun taɓa haɗuwa da cutar, kuma wajen garke ɗaya cikin shida na da alamun akwai PI a ciki. Abubuwan da aka samu suna tafiya da garkunan da ke da alamun PI ɗin sun haɗa da cuɗanya da garkuna masu yawa a wurin kiwo, da ajiye awaki, da kusanci da dabbobin dawa dangin barewa. A lura cewa waɗannan alƙaluman na garkuwa ne, wato sawun da cutar ta bari bayan ta wuce. SNAP ba sawu yake nema ba, ƙwayar kanta yake nema. Saniyar da ta kamu bara ta warke ba za ta nuna komai a kansa ba, kuma haka ake so.

Hanyoyin shigarta garken madara ba su da yawa, kuma kusan duk mai garken ne ke buɗe su da hannunsa. Ta farko sayen dabba daga kara ko daga wata gona a haɗa ta da garke a ranar. Ta biyu, wadda ta fi cin masu neman ingantaccen iri, ita ce sayen karsana mai ciki. Uwar tana iya kamuwa a wata na biyu ko na uku ta warke sarai, a gwada ta a same ta tsab, alhali PI na kwance a cikinta. Sai aron bijimi, wanda a wurare da dama ana ɗaukarsa zumunci ne da ba a ƙi. Sai mashaya ɗaya da burtali ɗaya da shanun kiwo, da shinge mai layi ɗaya da shanun maƙwabci ke miƙo hanci ta kansa. Sai bijiman da aka sayo don turka kafin babbar sallah aka ɗaure su a gefen masu ciki. Tumaki da awaki ma suna ɗaukar ƙwayoyin wannan dangi. A cikin gida kuma, tsinken allura ɗaya ga garke duka, da safar hannu ɗaya da ake duba ciki da ita daga saniya zuwa saniya, da bokitin shayar da maruƙa, duk suna kai ta inda ba ta isa da ƙafarta ba. Maniyyin barbarar allura daga cibiyar da ba ta gwada bijimanta shi ma hanya ce.

Akwai haɗarin da ya keɓanta da shanun da ake shigowa da su daga Turai, kamar shanun madara irin Holstein guda 216 da aka kawo daga Denmak zuwa gonar kamfanin madara na Arla da ke Damau a jihar Kaduna a 2023. Denmak da Suwidin da Norway da Finland sun fara yaƙar BVD tun farkon shekarun 1990, ba da rigakafi ba, ta hanyar gwaji da fitar da PI, har suka kusan share ta kwata-kwata. Dabbar da ta fito daga irin waɗannan ƙasashe tsabtatacciya ce, amma jininta bai taɓa ganin ƙwayar ba. Duk wanda ya sayi irin wannan karsana ko 'ya'yanta ya haɗa su da Bunaji ko Gudali da ba a gwada ba, daga shanun gida haɗarin zai zo, kuma zai kama masu tsadar a tare. Nan ne gwajin yake biyan kuɗinsa fiye da ko'ina.

Abin da ke cikin kwalin da yadda ake aiki da shi

Kowane gwaji 'yar farar roba ce da ta cika tafin hannu, mai ramin zuba samfur a gefe ɗaya, da tagar karanta sakamako a tsakiya, da wani ɗan da'ira, da ɓangaren da ake dannawa. Ana yi da shi sau ɗaya a yar. Yana neman wani furotin na jikin ƙwayar mai suna Erns, wanda PI ke tarawa da yawa a fatarsa da jininsa, kuma yana kama BVDV-1 da BVDV-2. Samfur iri biyu yake karɓa: ɗan yankin fatar kunne, ko ruwan jini da ya taso bayan jini ya daskare.

A zaɓi kunne, musamman ga maruƙa. Dalilin dakashi ne. Maraƙin PI da ya sha dakashin uwa mai garkuwa, sinadaran garkuwar uwar suna shiga jininsa su rufe ƙwayar, gwajin jini ya fito ba komai alhali tana nan. Wannan ruɗun yakan kai wata biyu zuwa uku. Fatar kunne ba ta cika faɗawa wannan tarkon ba, kuma in aka yanka a ranar haihuwa, tun kafin ya sha da yawa, ya fi tabbas.

Ana yankan da filaya ta yankan kunne, daga gefen kunnen inda fatar take lafiya. A kauce wa wurin da ke da ɓawon kirci, ko cizon kaska, ko tawadar lamba, ko kashi. Masu shaidar gida da ake yi da tsagar kunne su zaɓi gefen da ba zai rikita shaidar ba. Yankin ya faɗa kai tsaye cikin busasshiyar kwalba mai murfi da aka riga aka rubuta lambar dabbar a jiki. Rubuta lamba bayan an yanka, ana cikin kokawa da maraƙi na gaba, shi ne yadda ake yanka saniyar da ba ta da laifi.

Wankin filaya tsakanin dabba da dabba yana da fuska biyu, kuma duka biyun suna ɓata sakamako. In ba a wanke ba, ɗigon jini ko tsoka daga PI zai bi filayar zuwa kunnuwa biyu ko uku na gaba, su nuna ƙarya, ko ma a sa musu cutar. In an tsoma a ruwan bilic ba a ɗauraye ba, ragowar bilic ɗin na lalata furotin ɗin da ake nema, PI ya fito tsab. Abin da ya dace bokiti biyu ne: na farko bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, na biyu ruwa zalla mai tsabta da ake sauyawa, sannan a goge filayar ta bushe. Kada a sa yankin a fomalin ko sipirit.

Kayan gwajin firji yake so, digiri 2 zuwa 8, ba daskarewa ba. Kafin aiki a fito da adadin da za a yi amfani da shi kawai, a bar shi kamar minti 30 ya dawo ɗumin ɗaki. Ɗumin ɗakin da masu yin irin waɗannan kaya ke nufi digiri 18 zuwa 25 ne, wanda a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba a samunsa sai da asuba. Don haka gara a yanki kunnuwa da sassafe, a sa kwalaben a kula mai ƙanƙara, a yi gwajin a ɗaki mafi sanyi a gidan, a kan tebur da ya daidaita. Yinsa a kan bonet ɗin mota da rana tsaka wasa da kuɗi ne.

Ana haɗa yankin kunnen da ruwan da ya zo cikin kwalin, a jira mintunan da takardar ta ƙayyade, a juye ruwan cikin ramin. Yawan ɗigo da yawan mintuna a karanta su daga takardar kwalin da ke hannu, a kuma saita agogon waya, kada a ƙiyasta. Ruwan zai bi ta ƙarƙashin tagar har ya isa da'irar nan. Da zarar launi ya fara bayyana a da'irar sai a danna da ƙarfi har ɓangaren ya kwanta daidai da gindinsa. Nan ne sabon hannu ke yawan kuskure. Wanda ya danna da wuri bai bar samfurin ya gama wucewa ba, wanda ya yi jinkiri har da'irar ta cika ya ɓata wankin da ke biyo baya, wanda ya danna rabi bai fasa ma'ajin ruwan da ke ciki ba. Mutum ɗaya kada ya jera fiye da huɗu ko biyar a lokaci guda, don ruwan ba ya jiran kowa. Sakamakon ɗigo ne mai ruwan shuɗi. Ɗigon shaida dole ya fito a kowane gwaji, in bai fito ba gwajin ya lalace, a sake da sabo. In ɗigon samfur ya fito tare da shi, dabbar ta nuna. A karanta a kan lokaci, a ɗauki hoto tare da lambar dabbar, abin da ya bayyana bayan awa ɗaya ba sakamako ba ne.

Abin yabo a nan shi ne ba ya buƙatar kai samfur ko'ina. Fatar kunne in ta sha zafi ta bushe a hanya, furotin ɗin yana raguwa, kuma wannan ne ke kashe gwajin da ake aikawa nesa a ƙasa mai zafi. Mai saye yana iya samun amsa dillali na tsaye, kafin a ɗora dabbar a mota.

Inda yake gazawa

Nunawa sau ɗaya ba ta tabbatar da PI. Dabbar da ta kamu a makon nan tana iya nunawa, ko da yake a kunne hakan bai kai yadda yake a jini ba, kuma wadda aka yi wa rigakafin BVD mai rai, wato mai ƙwayar da aka raunana, kwanan nan ita ma tana iya ruɗa sakamako. Ƙa'idar ita ce a ware dabbar nan take, nesa da duk mai ciki, da bokitinta da mai kula da ita, a sake gwadawa bayan kwana 21 zuwa 28. Mai kamuwar wucin gadi za ta goge, PI zai sake nunawa. Wannan maimaicin ba a tsallake shi, kuma lissafi ne ya sa. A ɗauka gwaji yana kuskuren nuna ƙarya sau ɗaya cikin 100, kuma PI ɗaya ne cikin shanu 100. Dabba biyu za su nuna, ɗaya ce kawai ta gaskiya. Ga karsanar da aka saya da tsada, kwana 21 na haƙuri ba su da yawa.

Ba ya ganin ɗan tayi. Wannan ita ce babbar iyakarsa, kuma babu gwajin kunne ko na jini na neman ƙwayar da ya tsallake ta. Duk mai cikin da aka sayo a killace ta mako uku zuwa huɗu, ta haihu a keɓe, a gwada maraƙin tun bai haɗu da kowa ba, a binne mabiyiya da shimfiɗar da ta jiƙe, domin ruwan haihuwar PI cike yake da ƙwayar.

Ba ya gaya maka ko garkenka na da matsalar tun farko. Wannan aikin gwajin garkuwa ne, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Ana ɗibar jinin matasa biyar zuwa goma masu wata 9 zuwa 18 da ba a yi wa rigakafi ba, daga kowane rukunin da ke kwana tare. A wannan shekarun garkuwar dakashi ta ƙare, don haka in yawancinsu sun nuna, ƙwayar tana yawo a gidan kwanan nan, kuma mai yiwuwa PI na tsakaninsu. In duk sun fito ba komai, ba sai an yanki kunnen kowa ba, sai a tsare ƙofa. Madarar da aka tara daga dukkan masu tatsa ita ma ana gwada ta haka. Irin wannan sai ɗakin gwaji, kuma wuraren da za a tuntuɓa su ne cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, da asibitocin koyarwa na dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL a Yamai, da na LANAVET a Garwa ta Kamaru. A kira a tabbatar suna da kayan gwajin BVD a ƙasa kafin a taɓa dabba.

Sai tsada. Kowace roba dabba ɗaya ce, kuma da kuɗin waje ake shigo da ita. A ɗakin gwaji ana haɗa kunnuwa da yawa a gwaji guda na PCR, mai neman ƙwayoyin halittar ƙwayar cutar, ko a jera su a faranti mai rami 96 irin na BVDV Ag/Serum Plus na wannan kamfanin, kuɗin kowane kai ya sauko sosai. Ƙasashen da suka yi nasara da gwajin kunne ta ɗakin gwaji suka bi. Suwizalan ta fara a 2008, Jamus ta wajabta a 2011, Ailan a 2013 da lambar kunne mai cire ɗan tsoka yayin da ake maƙala ta, kuma maruƙan da ke nunawa a Ailan sun sauko daga kashi 0.66 cikin 100 a 2013 zuwa wajen 0.03 a 2021. Ga garken da ya haura kai 100, SNAP bai dace da sharar farko ba. Wurinsa bakin ƙofa da ɗakin haihuwa.

An kuma taɓa ba da rahoto a Amurka a 2007 na wani nau'in ƙwayar da furotin ɗinsa na Erns ya ɗan sauya har gwaje-gwajen da ke nemansa suka wuce shi. Abu ne mai wuyar faruwa, amma in gwajin garkuwa na ta nuna cutar na yawo kuma kunnuwa duk sun fito tsab, a nemi PCR kafin a ce an gama.

Ga ƙaramin garke akwai dabarar rage yawan gwaji, kuma daga halin cutar ta fito. Tunda uwa PI ba ta haifar lafiyayye, duk maraƙin da ya fito tsab ya wanke uwarsa. A ɗauki garke mai shanun tatsa 40, 30 daga cikinsu da maruƙa a ƙasa, da matasa 15, da bijimai 2. Kai 87 ke nan. Za a gwada maruƙa 30, matasa 15, bijimai 2, da shanu 10 da ba su da maraƙi, gwaji 57. Uwar duk maraƙin da ya nuna sai a ƙara ta. Sharaɗin dabarar shi ne a san wace saniya ta haifi wane maraƙi ba tare da shakka ba, domin maraƙin da aka liƙa wa wata uwar ba ya wanke ta. Ɗan da aka ɓarar da wanda ya zo a mace su ma a yanki kunnensu, da safar hannu, saboda bakkale, wata cutar da ke jawo ɓari, na kama mutum. Daga ranar da PI na ƙarshe ya fita kuma, duk maraƙin da aka haifa a gwada shi har tsawon shekara guda, don cikin da aka ɗauka yana nan bai gama faɗuwa ba. Mafi yawan masu cewa gwajin bai yi musu amfani ba a nan suka tsaya, suka share garke sau ɗaya suka daina.

Wanda ya nuna sau biyu mayanka zai tafi. Cutar ba ta kama mutum, namansa halal ne a ci in likitan mayanka ya duba ya wuce da shi kuma kwanakin wani magani da aka yi masa sun cika. Abin da bai halatta ba shi ne a kai shi kara a sayar wa wani a matsayin na kiwo. Aibi ne ɓoyayye da mai sayarwa ya sani mai saye bai sani ba, kuma ba dabba ɗaya aka cuce shi da ita ba, haihuwar garkensa ta shekara aka cinye masa. Ajiye shi a bayan gida don ya ƙara nama shi ma ba ya fita, yana ci ba ya ƙiba, kuma takalmin mai ba shi ruwa ya isa ya kai ƙwayar wurin masu ciki.

Masu tambayar ko rigakafi zai wadatar a bar gwaji, amsar a'a ce. Rigakafi ba ya canja PI, kuma garken da PI ke ciki yana shan ƙwayar da yawan da ke iya rinjayar kariyar. Amfaninsa kare ɗan tayi bayan an share gida, musamman inda ba a iya raba shanu da na maƙwabta. Bovela na kamfanin Boehringer Ingelheim, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2014, mai rai ne, yana da iri biyun duka, mililita 2 a tsoka sau ɗaya, aƙalla mako uku kafin barbara, a maimaita duk shekara, kuma in an haɗa shi da ruwansa awa 8 yake yi. Bovilis BVD na kamfanin MSD matacce ne, allura biyu mako huɗu tsakani, a gama su mako huɗu kafin ɗaukar ciki. Jerin aikin yana da muhimmanci: a ɗebi jinin gwajin garkuwa tukuna, a yanki kunnuwa, sannan a yi rigakafi. In aka juya, jinin matasan zai nuna garkuwar allura, a rasa hanyar gane ko cutar na yawo.

Wurin saye, a bi ta hannun likitan dabbobi mai rajista ko wakilin da zai nuna yadda kayan ya zo cikin sanyi. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin da jikin kwalbar ruwan, a ƙi wanda aka ajiye a kan kanta, kuma kada a haɗa ruwan wani kwali da robar wani. Wanda wutarsa ba ta tsayawa ya tanadi firjin sola kafin ya sayi kwali. Ƙananan gonaki uku ko huɗu da ke kai madara cibiyar tarawa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi kwali guda a ajiye a firjin cibiyar, mutum ɗaya da hannunsa ya saba ya riƙa yi musu duka, yana rubuta lambar dabba da ta uwarta da ranar gwaji da sakamako a littafi ɗaya.